Ranar da Na Ɗaga Motar Surukai

Bari in faɗi gaskiya tun kafin wani ya riga ni. Ba mayu ne suka kama ni ba, ba jifa aka yi mini ba, ba kuma sanyin damina ba ne kamar yadda na riƙa gaya wa masu zuwa dubiya. Mota na ɗaga. Ni Ayuba, da furfurata, da haƙoran da suka riga ni yin ritaya, na sa hannu biyu a gindin akori-kura na ce zan ɗaga ta. Duk wanda ya ji wani labari dabam, a bakina ya ji shi, kuma ƙarya na yi masa.

Karatuna bai wuce na ajin yamma da aka yi mana a coci ba, saboda haka in kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri, bayan mai shi ma ya taɓa karkacewa. Ina rubutawa ne domin tsofaffi irina, musamman waɗanda muka yi aikin layin dogo tare a Kafanchan, masu ganin ƙarfin da suka bari a tasha yana nan yana jiransu.

Kyauta 'yar ƙanena ce, marigayi Istifanus. Tana koyon tafiya ya rasu, uwarta ta koma garinsu ta yi wani aure, sai ni da matata Rifkatu muka ɗauke ta. Ba mu da wata 'ya mace sai ita. Da ta gama makarantar koyon malanta, wani yaro daga Kagarko ya fito neman aurenta, aka daidaita, aka sa rana ƙarshen damina. To a gidanmu, babban gida ne yake riƙe hannun amarya ya shiga da ita coci, shi ne kuma yake miƙewa ya amsa in fasto ya tambayi wanda ya ba da ita. Babban gidanmu kuwa Yaya Bitrus ne, tsohon hedimasta da ke zaune a Fadan Kagoma, mutumin da ko gona zai je sai ya goge takalmi. Amma Kyauta ta durƙusa a gabansa ranar taron dangi ta ce, in ya yarda, tana so uban da ya goya ta ya kai ta.

Yaya ya daɗe yana kallona ta saman tabarau.

"Na yarda," ya ce. "Amma Ayuba, coci ne, ba dandalin tasha ba. In na ga alamar za ka mai da mu abin dariya, ni zan riƙe ta. Kwat ɗina a goge yake."

Tunda nake ban taɓa son wani abu kamar yadda na so wannan 'yar tafiyar ba, daga ƙofar coci zuwa gaban bagadi. Shi ya sa abin da na yi ya fi ƙarfin wauta.

Saura kamar wata guda biki, dangin ango suka kawo kaya: gishiri, manja, doya, da wata akuya mai idon rashin kunya. Motarsu ta zo juyawa a ƙofar gidana, tayar baya ta zurma cikin kwata. Samarinsu suka yi ta turawa, taya tana watsa musu taɓo. Ni kuma ina tsaye cikin wankakkiyar riga, ba wanda ya kira ni, ba wanda ya ko kalle ni. Ina ganin rashin kallon ne ya dame ni.

"Ku kauce," na ce. "Mu da muka ɗaga ƙarfen layin dogo, wannan gwangwanin ne zai gagare mu?"

Na sunkuya, na kama, na yi nishi irin na da. Sai na ji wani abu ya ce ƙas a kwankwasona, kamar an taka busasshen kara. Motar kuwa ko gezau. Sai da Rifkatu ta kawo duwatsu daga bakin murhu aka cusa ƙarƙashin tayar, sannan ta fita.

Na miƙe da ƙyar, kuma da na miƙe na san ba zan sake lanƙwasawa ba. Surukai suka shigo, suka durƙusa suna gaisuwa, ni ina tsaye ƙiƙam kamar falwaya. Aka kawo mini kujera, na ce ni tsohon ma'aikacin jirgi ne, a tsaye muke karɓar baƙi. Daga baya na ji labari sun koma Kagarko suna cewa yarinyar mai ladabi ce, amma ubanta da girman kai.

Washegari da safe na kasa saukowa daga gado. Rifkatu ta tsaya a kaina da tsintsiya a hannu.

"Baban Kyauta, motar ce?"

"Sanyi ne."

"To. Sanyi mai taya huɗu."

Wannan satin na farko, duk wanda ya iya gaisuwa a unguwarmu ya zama likita. Rifkatu ta gasa mini da ruwan zafi ta shafa man zafi, har idona yana hawaye, bayan bai ji ba. Malam Sani, maƙwabcina mai sayar da hatsi, ya zo ya duba ni ya ce basir ne. Shi Malam Sani ko ƙaya ka taka, basir ne. Mun yi maƙwabtaka da shi tun kafin mutanen garin nan su fara kallon juna da gefen ido, kuma mu biyu ba mu iya wannan kallon ba har yau. Ya kawo wanzaminsa aka yi mini ƙaho, aka fitar da jinin da wanzamin ya rantse matacce ne. Ni dai na ga ja ne kamar na kowa. Wani dattijon ikilisiya ya ce katifa ce take ƙara mini ciwo, in kwanta a kan katako. Aka ɓalle ƙyauren kicin aka shimfiɗa mini a tsakar ɗaki. Da kicin ya zama ba ƙyaure, akuyar surukai ta shiga ta yi wa masarar kunun biki ɓarna. Kun ga ciwon ya fara cin kuɗi tun ban ga likita ba.

Ciwon kansa ba ya misaltuwa. In na kwanta shiru sai ya yi kamar ya tafi. In na yi tari, ko na yi dariya, ko na ce zan juya, sai ya soke ni daga ƙugu har cinya. Ni da dariya ce abincina, sai ga shi ina roƙon mutane kada su ba ni dariya. Zuwa bayan gida kuwa, ba zan rubuta ba. Wanda ya sani ya sani.

Sai 'yan Zumuntar Mata suka kawo tasu shawarar. A wurinmu an yarda cewa in baya ya ƙage, macen da ta haifi tagwaye ta taka shi, yakan saki. Uwar tagwaye ɗaya ce a unguwarmu, Tabita mai ƙosai a bakin tasha. Tabita mace ce da Ubangiji bai yi wa rowar jiki ba. Ni ne kuma na laƙaba mata suna Kan Jirgi shekaru da yawa da suka wuce, sunan ya bi ta har jikokinta sun san shi.

Ta zo ranar Asabar da hantsi, ta cire silifa a bakin ƙofa tana murmushin da bai kwanta mini ba.

"Ayuba, ina kwana? An ce layi ya lalace."

"Maman tagwaye, ki ji tsoron Allah."

"Au, yau Maman tagwaye ce? Kwanta da kyau. Yau jirgi zai bi ta kanka."

Zan wanke ta a nan, domin gaskiya ce. Matar nan ƙafa ɗaya ta ɗora, a hankali, tana dafe da bango. Ni ne tsoro ya sa na murɗa jiki zan zille. Ihun da na yi, an ce masu awo a kasuwa sun ɗaga kai. Daga nan ban ƙara iya motsa ko yatsan ƙafa ba tare da na ga taurari ba. Gumi ya jiƙa ni sharkaf. Tabita ta ɗora hannu a ka tana kiran sunan Yesu, Rifkatu ta fita da gudu ta kira Malam Sani.

Ba a iya ɗaga ni daga ƙyauren ba, sai aka ɗauke ni da shi gaba ɗaya aka ɗora a kan amalanken da Malam Sani yake dakon hatsi. Rifkatu ta lulluɓe ni da zane saboda rana. Haka aka tura ni ta hanyar kasuwa, ranar Asabar, gari cike. Wani mutum ya cire hula yana cewa Allah ya jiƙan rai. Na buɗe zanen na ce masa amin, amma tukuna. Ya bar hular a wurin.

A asibiti aka kai ni ɓangaren gaggawa, wanda suke kira Kajuwalti. Aka yanki kati, aka ajiye ni a baranda da ƙyaurena. Mun yi rashin sa'a, wata motar doya ta kife a hanya, an kawo mutane jina-jina ana ta ɗinki. Na jira har inuwa ta juya. Ina ihu, ina kiran duk wanda ya gifta da farin kaya, har mai shara. Wata nas, doguwa, mai tsage a kumatu, wadda kowa yake kira Sista, ta tsaya ta dube ni.

"Baba, kai da kake da ƙarfin ihu haka, ka yi haƙuri. Waɗanda suka yi shiru nake tsoro."

A lokacin na ji haushinta. Da aka wuce da wani yaro a gabana, ba ya ko nishi, sai na rage murya.

Likitan da ya zo kaina yaro ne, a ganina bai girmi Kyauta ba, Hausarsa kuma tana ɗingishi. Amma tambayoyinsa ba su yi ɗingishi ba. Fitsari yana kufce maka? Ko ya ƙi fita? Ƙafa ta mutu? Akwai zazzaɓi? Ka faɗo daga sama? Na ce a'a, a'a, a'a. Ya ce to me ya faru. Na ce sanyi.

"Mota ya ɗaga," in ji Rifkatu.

"Sannan jirgi ya taka shi," in ji Malam Sani.

Likita ya dube su, ya dube ni, ya ga ba zai gane ba, ya ci gaba da aikinsa. Ya ciro makulli ya karce mini tafin ƙafa, ya ɗaga ƙafar nan ya ɗaga waccan, ya danna nan ya danna can. Sai ya ce ban karye ba, naman bayan ne ya ɗaure kamar igiyar da ta sha ruwa. Ko hoto ba sai an ɗauka ba. Na ji kamar an rage mini daraja. Mutum ya zo a kan ƙyaure, a ce masa nama ne kawai!

Ya rubuta allura, aka ce babu a sito, sai a kemis na waje, har da sirinjin. Wannan shi ne ƙorafina, kuma ba zan janye shi ba: wanda ba shi da Malam Sani, yaya zai yi? Shi ya ruga ya sayo, zakarun da Rifkatu take kiwo domin baƙin biki su suka biya daga baya.

Sista ta tsira mini ita a ɗuwawu ba tare da sallama ba. Na ci gaba da nishi don kada a ce na yi saurin yarda. Can sai na ji kamar wani yana kwance ƙulli a bayana, zare bayan zare. Na ja numfashi har ƙasa, abin da rabona da shi tun ranar motar. Na motsa ƙafa. Na juya. Na zauna! Jama'a, na sha daɗi iri-iri a duniya, na sha romon kan akuya ranar Kirsimeti, amma ban taɓa jin daɗi kamar na rashin ciwo ba. Na kama hannun Sista ina sa mata albarka har jikokinta. Na ce wa Malam Sani ya mai da amalankensa, da ƙafata zan koma.

Likita ya dafa kafaɗata ya zaunar da ni. Maganarsa tana kunnena har yau.

"Baba, allurar nan ba ta warkar da kai ba. Aron lafiya ta ba ka. Kada ka yi facaka da kayan aro."

Ya ba ni ƙwaya iri biyu, ja mai ƙarfi da fara mai sauƙi. Ya ce jar, sai ciki da abinci, kuma kada in wuce yadda ya ce. Ya ce in rabu da ƙyauren nan, kwanciya kamar gawa ba ta gyara baya, in riƙa takawa kaɗan-kaɗan. Na ce to, to, to, irin ta wanda ya riga ya tafi gida a ransa.

Sati na biyu ya fara da kyau. Ina shan magani yadda aka ce, ina zagaya tsakar gida. Sai saƙo ya zo cewa labarin amalanke ya kai Fadan Kagoma, kuma Yaya Bitrus yana zuwa gobe ya ga jikina da idonsa. Na san ba jikina zai duba ba, kwat ɗinsa zai auna.

Da sassafe, ciki ba komai, na haɗiye jar ƙwaya ninki biyu. Na ga kamar ba za ta isa ba, na lallaɓa na tsai da wani mai tallar magani a tire, ya ba ni wata mai kala biyu, ya ce ko jaki ya sha sai ya yi tsalle. Na ɗora ta a kai. Yaya ya sauka daga babur ya same ni ina sharar ƙofar gida. Na karɓi jakarsa, na sunkuya na gaishe shi har ƙasa, na ɗan taka rawa ma don ya tabbata.

"An ce an kai ka asibiti a kan ƙyaure."

"Sharrin mutane ne, Yaya. Ƙyauren ne ya lalace, na raka shi."

Bai yi dariya ba. Bai taɓa yi ba. Ya ci abinci ya tafi.

Da na ga dabara ta ci, sai na mai da ita sana'a. Ciwo ya ɗago kai, in danna shi da ƙwaya, da abinci ko babu. Na shiga hidimar biki gadan-gadan, har da jan benci. Ba a yi nisa ba cikina ya fara zafi kamar na haɗiyi garwashi. Na yi shiru. Bayan gida ya koma baƙi kamar kwalta. Na yi shiru. Sai wata rana da yamma na yi amai a gaban Rifkatu, baƙi-baƙi, jiri ya kwashe ni na zube. Ta ɗaga matashina ta ga ɓawon ƙwayoyi. Ta aika a kira Malam Sani.

Amalanke ya sake aiki. Wannan karon ban yi ihu ba, Sista kuwa tana ganina ta bar abin da take yi ta taho da sauri. A nan na gane maganarta ta farko.

Aka kwantar da ni, aka yi mini ƙarin ruwa. Likita ya zo, ransa a ɓace, Hausarsa ta ƙara karyewa. Ya ce ƙwayar ta ƙwarzane mini ciki har ya yi jini, da an ƙara jinkiri da wani labarin ake yi. Jar ƙwaya ni da ita har abada. Na bari ya huce, sannan na jawo hannun rigarsa.

"Likita, 'yata za a aurar. Allurar nan taka, guda ɗaya tak, ranar bikin da safe. Daga ƙofar coci zuwa gaba kawai."

"Allurar da jar ƙwayar gidansu ɗaya, Baba. Ciki ɗaya suke ci. Ba zan ba ka ba. In ka je kemis aka yi maka, a nan za ka yi bikin."

"To yaya zan yi?"

"Farar ƙwaya, ruwan zafi, da tafiya. Kullum ka ƙara kaɗan. Bayan zai saki da kansa in ka daina yi masa wayo."

Yaya Bitrus ya zo asibiti da lemo a leda. Ya zauna, ya dubi robar ƙarin ruwa, ya dube ni. Bai yi faɗa ba. Da zai tafi ya ce, "Na sa an sake goge kwat ɗin." Wannan ban ji zafinsa sosai ba, na san na saye shi da kuɗina. Wanda ya karya ni na Kyauta ne. Ta zauna a bakin gado tana ɓare mini lemo, ta ce, "Baba, in ba ka iya ba, ba komai. Ka dai zauna a inda zan gan ka." Na juya fuska bango na ce mata lemon ne ya fantsar mini a ido.

Da aka sallame ni, saura sati biyu da 'yan kai. Rifkatu ta karɓi aikin likita. Da safe ta gasa mini baya da tawul, ta ba ni kunu, ta tsaya sai ta ga farar ƙwaya ta wuce, sauran kuma ta ƙulle a bakin zaninta. Sannan ta ce, "Tashi."

Ku da kuka san mu, kun san yadda muke tafiya da matanmu. Namiji yana gaba da sandarsa, mace tana baya da kaya. Haka na ga ubana yana yi, haka na yi tun ranar da aka kawo Rifkatu. Ko coci za mu, ina isa in zauna kafin ta shigo. To yanzu ba dama. Sai ta sa kafaɗarta ƙarƙashin hannuna, ta riƙe ni a gwiwar hannu, mu taka tare. Ranar farko mun kai gindin mangwaron ƙofar gida, na ce a dawo da ni. Bayan kwana kaɗan muka kai rumfar Malam Sani. Yana hango mu ya tashi yana tafi, yana kirana da sunan tsokanar da ya sa mini tun ina aikin jirgi.

"Ango da amarya! Reluwe, ashe bikin biyu ne?"

"Ka ji da basir ɗinka," na ce.

Daga nan muka kai bakin tasha, inda Tabita take cika mini leda da ƙosai kullum ba ta karɓar ko kwabo, wai tana neman gafara. Na daina kiranta Kan Jirgi. Na yi kusan sati ban kira ba.

A cikin wannan tafiyar na ji abubuwan da ban taɓa sani ba. Ashe gwiwar Rifkatu ta hagu ta daɗe tana damunta. Ashe har yau gabanta yana faɗuwa in jirgi ya yi kuka, tun lokacin da nake aikin layi take jin tsoron a zo mata da labari. Ashe tana da ba'a fiye da ni, duk wanda muka wuce tana da sunan da ta sa masa a ranta. Na ce me ya sa ba ta taɓa gaya mini ba. Ta ce, "Da ƙeyarka zan yi hira?"

Satin ƙarshe ta roƙi mai gadin coci ya riƙa buɗe mana da hantsi in ba kowa. Mu tsaya a ƙofa, ta ɗauki tsintsiyar coci ta riƙe a ƙirji wai furanni ne, ta sunkuyar da kai kamar amarya, mu taka har gaban bagadi. Mu namu auren a gida aka yi shi, gaban tulun burkutu, ba wanda ya raka ta ko'ina. Ranar farko dariya ta kama ni a tsakiyar hanya, bayan ya soke ni, na rataya a jikinta.

"Ka nutsu, tsoho," ta ce. "Amarya ba ta ɗaukar ubanta."

Ranar biki na ci ɗumame, na sha farar ƙwaya biyu, ba ƙari. Rifkatu ta ɗaure mini ƙugu tamau da zaninta, na ɗora babbar riga a kai. A ƙofar coci na tarar da Yaya Bitrus cikin kwat, karin guga kamar ya yanka mutum. Ya dube ni daga hula har takalmi.

"Za ka iya?"

"Zan gwada, Yaya."

Sai ya matsa gefe.

Kyauta ta zo cikin farin kaya ta kama ni. Yadda ta sa hannu a gwiwar hannuna, daidai inda Rifkatu take sawa, na gane an koya mata. 'Yan kwaya suka ɗauki waƙa, muka taka. Bayan yana magana, amma a hankali yake yi, kamar mai gulma. Mutane suna ganin uba ya riƙe 'yarsa. Mu biyu mun san wanda ya riƙe wani. Muka isa. Na zauna a bencin gaba, na ce Ubangiji na gode, an gama.

Ashe ba a gama ba. Ba mu yi lissafin wa'azi ba. Fastonmu in ya ga coci ya cika ba ya tausayi. Ina zaune a kan busasshen benci, bayan ya yi sanyi ya ƙage. Da aka zo wurin da fasto ya tambayi wanda ya ba da yarinyar nan aure, na yunƙura, ban tashi ba. Na sake, ban tashi ba. Na ga dangin ango suna kallon juna, wato ga mai girman kan nan ya sake. Kyauta ta waigo.

Sai na ji hannu ta baya ya cusa cikin babbar rigata, ya damƙi zanen da ke ƙuguna, ya ɗaga ni cak kamar buhu. Yaya Bitrus ne, daga bencin bayana, fuskarsa tana kallon gaba kamar ba ruwansa.

"Ni ne," na ce ƙasa-ƙasa.

"Da ƙarfi," ya ce a kunnena. "Na baya ba su ji ba."

"Ni ne, Ayuba, da dukan gidanmu!"

Bai sake ni ba sai da na zauna. Har ya rasu bai taɓa tayar da maganar ba, ni ne nake ba da labarin.

To 'yan uwana tsofaffi, ga abin da na saya da tsada, ku karɓa kyauta. In baya ya riƙe, ku je a duba tun ba a hau kanku ba. In an yi muku allura kun ji sakayau, ku tuna aro ne. Ƙwayar kashe ciwo ba gyaɗa ba ce, kuma mai tire ba ya zuwa dubiya. In mota ta faɗa kwata, akwai duwatsu.

Ina gode wa Ubangiji. Ina gode wa yaron likitan nan da ya hana ni abin da na roƙa, da Sista da ta san wanda za ta fara dubawa. Ina gode wa Malam Sani da amalankensa, wanda har yau yake cewa da an bi ta basir da ba a kai haka ba. Ina gode wa Tabita. Kyauta tana Kagarko da 'ya'yanta, na farin sunana aka sa masa, kuma an ce ya fara ɗaga abin da ya fi ƙarfinsa.

Bayan biki da kamar wata biyu, baya ya saki sarai. Wata ranar kasuwa muka fita da Rifkatu za mu kai masara niƙa. Iska tana kaɗawa, jikina garau, ina gaisawa da mutane hagu da dama. Sai da na kai mararrabar layin dogo na buɗe baki zan gaya mata wani abin dariya, na duba gefena ba kowa. Na waiga. Tana can baya da kwano a ka, tana jan ƙafar hagu kaɗan-kaɗan. Na tsaya har ta iso. Ta dube ni, ba fushi a fuskarta, har da ɗan murmushi.

"Lallai ka warke, Baban Kyauta," ta ce. "Ka koma gaba."